Gahawa Mai Kauri

Ranar Litinin da hantsi Marlys Tollefson ta tsayar da motarta a bayan gidan kula da tsofaffi na garin Wessel, ta kashe injin, ta ci gaba da zama. Ba kowa take jira ba. Awa huɗu ta yi tana ratsa gonakin masara da na waken suya, bayanta ya riga ya saba da kujerar, tashi ne ya zama aiki.

Shekararta ashirin da shida tana aikin gyaran magana da haɗiya, sha ɗaya daga ciki a kan kwantiragi. Kamfanin da ke tura ta zai bugo waya ya ce ga wani wuri can ba su da kowa, sai ta tattara komatsanta a bayan mota: mako goma sha uku a nan, takwas a can, wannan karon ma kwana biyar kacal, Litinin zuwa Juma'a. An ce baƙo raɓa ne. Ita kam har ta kai inda ko sunan garin da ta kwana ba ta riƙewa sai ta duba takarda. In ta gaya wa mutane sana'arta sai su yi murmushi, su ɗauka yara take koya wa magana tana raba musu alewa. A gidajen tsofaffi rabin aikin na maƙogwaro ne. Ita ce ke cewa wane zai sha ruwa yadda Allah ya yi shi, wane kuma sai an zuba masa hodar kauri, don kada ruwan ya sarƙe shi ya gangara huhu. Abin da irinta ta rubuta kuwa, babu nas ko mai dafa abinci da ya isa ya taɓa, sai wata irinta ta zo ta warware, likita ya sa hannu.

A bakin ƙofa wata ƙatuwar mace mai tabarau rataye a wuya ta tare ta.

"Marlys. Ashe rai kan ga rai."

Marlys ta yi murmushin da ta tanada domin irin wannan, idonta na laluben suna a ƙirjin matar.

"Karanta abinki, don haka aka maƙala shi," in ji matar. "Twila ce, shugabar nas-nas. Shekara huɗu da suka wuce kin yi wata uku a nan, kina cinye mana biskit ɗin ɗakin hutu."

"Na tuna mana."

"Ba ki tuna ba. Zo in nuna miki ofishinki."

Ofishin ɗakin ajiyar kekunan marasa lafiya ne, an tura su gefe an sa tebur. Marlys ta ajiye jakarta. Ta taɓa yin aiki a ɗakin wanki, wannan ai ci gaba ne.

Da lokacin abincin rana ya yi ta shiga ɗakin cin abinci, ta jingina da bango tana kallon maƙogwaron mutane, don nan ne kasuwarta. Can bakin taga ta hango wani dogon tsoho a keke, da hular kamfanin irin shuka a kansa, yana fuskantar rumbun hatsin garin. Nama yake ci da dankali, yana haɗawa da burodi, ko tari ɗaya bai yi ba. A gabansa akwai kofin gahawa da cokali tsaye a tsakiya, ƙyam, kamar an shuka shi. Ya sa bayan hannu ya tura kofin can gefe. Leɓensa duk ya tsattsage.

"Orval Bruning ke nan," in ji Twila a ƙasa-ƙasa. "Manomi ne, ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa. Ya daina shan komai. Sau biyu a bana muna kai shi asibiti ƙarin ruwa. Likita ya ce in har zuwa Juma'a bai fara sha ba, mota za ta zo ƙarfe biyu ta ɗauke shi, a huda masa ciki a sa robar ɗura abinci."

Marlys ta ƙara kallonsa. Ya haɗiye wata loma, ya juya ya gaya wa maƙwabcinsa magana, muryar ta fito tar, babu gargada. Idon da ya shekara ashirin da shida a wannan aiki ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Yaushe rabon da a gwada shi da ruwa zalla?"

"An kwana biyu."

"Wace raguwa ce ta rubuta masa kauri ta yi gaba abinta? Irin waɗannan su ke ɓata mana suna."

Twila ta ɗora tabarau a hanci, ta dube ta, ta sauke. "Fayil ɗinsa na kan teburinki."

Fayil ɗin ya yi nauyi, sai da ta tona har ƙasa kafin ta kai ga takardar farko. Layi uku ne. Duk abin sha a sa masa kauri. Na ɗan lokaci ne. A sake dubawa bayan mako biyu. A ƙasa ga sa hannunta, mai doguwar jela a ƙarshe, irin wanda take yi in tana sauri. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da ta duba kwanan watan sai ranar ta dawo mata, ba duka ba, guntu-guntu. Juma'a ce, ranarta ta ƙarshe, kayanta na cikin mota, an ce dusar ƙanƙara na tafe kafin yamma. Aka kawo wani mutum daga asibiti, bakinsa a karkace. Ta ba shi ruwa, ya yi tari. Ta rubuta abin da ya dace a rubuta, kuma daidai ne a ranar, ko gobe aka tashe ta za ta ce daidai ne. Layi na uku ta bar wa wadda za ta biyo bayanta. Sai dai wata bakwai aka yi babu wadda ta biyo. Bayan nan 'yan kwantiragi uku sun zo sun wuce, kowace ta bar layi ɗaya: a ci gaba yadda yake. Marlys ba ta iya ko jin haushinsu ba. A wannan sana'a akwai dokar da ba a rubuta ta a ko'ina amma kowa ya haddace, cewa ba a taɓa tuhumar wanda ya sa kauri ba, wanda ya cire ake nema ranar da tsoho ya yi tari. Ita kanta ba ta san sau nawa ta rubuta wannan layin a ƙarƙashin sunan wasu ba.

Kunya ta kama ta, irin wadda ke sa mutum ya ji barci. Ta rufe fayil ɗin ta ɗora goshi a kansa na ɗan lokaci.

Talata da safe ta shiga ɗakinsa da tire: ruwa a kofi, ƙaramin cokali, tawul.

"Barka da safiya, Mista Bruning. Sunana Marlys, ni ce..."

"Jan kwat gare ki wancan karon," in ji shi. Maganarsa a hankali take fita, amma kowace kalma da ƙafarta. "Da makullin mota a hannu. Ko ajiye shi ba ki yi ba."

Ta ajiye tiren. "Na zo in sake gwada haɗiyarka."

"An ce mini bayan mako biyu za a zo. Agogonku na kwantiragi daban ne, ko?"

"Na yi latti."

"Wancan karon kurɓi uku kika ba ni, kika ƙwace mini ruwa shekara huɗu. Yanzu in na kurɓa me za ki tafi da shi? Naman ko burodin?"

"Ba zan ɗauke maka komai ba. In ka yarda, wataƙila ma in mayar maka."

"Wataƙila." Ya juya keken da hannunsa mai lafiya ya fuskanci taga. "Ki ja mini ƙofar."

Laraba ta koma, ya yi kamar barci yake, hular a kan fuska. Ta tsaya ta yi masa bayanin robar da za a sa masa, yadda ake hudawa, yadda ake ɗura abinci da sirinji. Daga ƙarƙashin hular ya ce ya taɓa yi wa maraƙi haka, ba sai an koya masa ba. A wunin ta duba mutum goma sha ɗaya, ta koya wa wata tsohuwa kiran sunan jikarta, ta cike takardun da suka fi mutanen yawa, ta ci abincin rana a tsaye.

Alhamis da la'asar ta zauna a tsakiyar kekunan ta jawo takarda. Hanya mai sauƙi tana nan, ta san ta kamar hanyar gidansu. Mara lafiya ya ƙi gwaji. A tura shi babban asibiti a ɗauki hoton haɗiyarsa. Layin hoton mako shida ne, amma wannan ba laifinta ba ne. Ta rubuta har ta kai layi na uku, sai ta ji numfashi a bayanta.

"'Wadda ta biyo baya ta duba sakamakon,'" Twila ta karanta a fili. "Wannan takardar kamar na taɓa ganinta. Wa ke biyo bayan? Ki gaya mini sunanta in dafa mata shayi."

"Ya ƙi, Twila. Ɗaure shi zan yi in ɗura masa?"

"Ni dai nas ce, ba a tambaye ni ba. Shekara huɗu ina zuba wannan hodar ina kallon mutumin nan. Na rubuta, na kira, na roƙi kowace baƙuwa da aka turo. Kowace sai ta ce kwana kaɗan za ta yi, ba ta san shi ba." Ta jawo wani keke ta zauna a ciki, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. "Kin san me ya sa ya daina sha a bana, ba bara ba?"

Marlys ta girgiza kai.

"Delores, matarsa. Kullum ƙarfe goma na safe tana nan da fulas. Tun suna gona haka suke, ƙarfe goma ya kashe tarakta ko me yake yi, su sha gahawa a bayan mota. Da aka sa masa kauri ya ce shi ba zai sha wannan ƙazantar ba. Sai ta karɓi gwangwanin hodar a hannuna, ta zuba a nata kofin, ta juya, ta shanye a gabansa. Ta ce ai babu laifi, har ya fi riƙe ciki. Tun daga ranar tare suke sha. Shekara uku da rabi, ko Lahadi ba ta fashi, daga coci nan take yowa." Twila ta mayar da takalmin. "Mun binne ta a watan Afirilu."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa ƙofa. "Ki rubuta abin da kika ga dama, takardarki ce. Ni dai gobe ƙarfe biyu zan sa masa rigar sanyi."

Juma'a Marlys ta bar masauki da kayanta duka a mota, kamar kowace Juma'ar ƙarshe. Ta tsaya a gidan mai na bakin titi ta sayi gahawa kofi biyu, baƙa, ba madara ba sukari. Goma saura kaɗan ta shiga ɗakin Orval. Wannan karon ta cire kwat ta rataye a ƙofa, ta zuba makullin mota a aljihunsa, ta jawo kujera ta zauna. Twila ta biyo ta da tiren ruwa da cokali da tawul da gwangwanin hoda, ta tsaya daga baya.

Marlys ta karɓi gwangwanin. Ta buɗe kofi ɗaya, ta auna hodar daidai yadda ta rubuta a takardarsa, ta juya, ta jira ta kama. Gahawar ta dusashe, ta yi nauyi, cokalin ya tsaya. Rabon da ta sa wannan abu a baki tun tana makaranta, ranar da malama ta zagaya da shi kowa ya lasa a bakin cokali ana dariya. Tun daga nan ta rubuta wa ɗaruruwan mutane shi, amma ba ta taɓa shan kofi guda ba.

Ta kai baki. Ɗumi ne da yauƙi, kamar miyar kuɓewar da aka dafa da gahawa, ya manne a dasashi ya ƙi wucewa, sai da ta haɗiya sau biyu. Ƙamshin na nan, amma abin da ke kashe ƙishi babu shi. Ta sake kurɓa. A na huɗu idonta ya kawo ruwa, ta dafe baki da tawul ta jira. Sannan ta ci gaba har ta kai rabi.

Orval ya daina kallon taga tun a kurɓi na biyu.

"Yaya?" in ji shi.

"Ba daɗi."

"Delores cewa take ya fi riƙe ciki."

Marlys ta ajiye kofin.

"Maƙaryaciya," in ji shi a hankali. "Shekara hamsin da takwas ban taɓa kama ta da ƙarya ba sai wannan." Ya dubi ɗaya kofin, wanda ba a buɗe ba, tururi na fita ta ɗan ramin murfin. "Wancan fa?"

"Naka ne, in ka yarda in sa hannu a wuyanka. Amma ruwa tukuna, cokali ɗaya."

"Cokali. Ka ji mini mata. 'Yar Elmer," ya ce da Twila, "kina tsaye kina kallo za a ba ni ruwa a cokali kamar ɗan tsako?"

"Buɗe baki, Orval, ƙafafuna ciwo suke."

Marlys ta ɗora yatsu huɗu a wuyansa, ɗaya ƙarƙashin haɓa, sauran a jere zuwa ƙasa. Fatar ta bushe kamar takarda. Ta ba shi cokalin. Zakaran wuyansa ya hau da sauri, ya sauko. Ta jira tari, bai zo ba.

"Ka ce aa."

"Aa."

Muryar a bushe take, tas, babu alamar ruwa a kanta. Ta ba shi cokali na biyu, na uku, sannan kurɓi daga kofi, sannan ta ce ya sha a jere kada ya tsaya. Ya shanye ruwan duka, yana riƙe da kofin, idonsa a rufe. Ta saurari numfashinsa, ta sa ya ƙirga zuwa goma, ta sake jira. Ta san gwajin hannu ba ya ganin komai da komai, hoton nan dai za ta nema, ya zo a lokacinsa. Amma ta san abin da yatsunta suka ji, kuma ta san sunan wa za a nema in an samu matsala. Ta buɗe masa gahawar.

Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa.

"Ta gidan mai ce wannan," in ji shi. "Har yau ba su iya dafawa ba."

Twila ta juya da sauri ta fita, tana cewa bari ta kira likita, ta kuma ce wa masu mota kada su zo. Marlys ta ɗora takarda a cinya ta rubuta: ya sha komai ba kauri, daga yau. Ta sa hannu a tsanake, harafi bayan harafi. Ta sunkuya ta ɓanɓare jar alamar da ke manne a hannun kekensa, wadda ta daɗe har ta bar shaida a ƙarfen.

"Tsaya," in ji Orval. "In tambaye ki. Wannan wuyan nawa, yau ya warke?"

Ta san tambayar za ta zo. Tana da amsoshi a shirye, irin waɗanda ake koyo da daɗewa a aiki: jiki kowa da nasa, ba a iya sanin rana, abin da ya wuce ya wuce. Duk gaskiya ne, kuma duk hanyar fita ce. Ta gaji da su.

"A'a," ta ce. "Irin naka yawanci wata ɗaya ne, ko biyu. Da an duba ka a lokacin da na rubuta, ina jin da tuni an cire."

"Wata biyu."

"I."

Ya dubi kofin da ke hannunsa. Bakinsa ya ɗan motsa, ta gane lissafi yake, kuma ba nasa shekarun yake lissafawa ba. A waje wata babbar mota ta wuce da masara zuwa rumbu, gilashin tagar ya yi rawa.

"Laifina ne, Mista Bruning," in ji ta. "Ban bi baya ba. Ko waya ban bugo ba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ta jira kaɗan, sannan ta miƙe. Awa biyar ce tsakaninta da gari na gaba, kuma Litinin ƙarfe takwas ake jiranta. Ta tattara tawul da cokali, ta ɗauki kofinta mai kauri, ta nufi kwandon shara.

"Ina za ki da shi?"

Ta tsaya.

"Ƙarfe goma ne," in ji shi, bai ɗago ba. "Ki zauna ki shanye. Ita ba ta taɓa ragewa ba."

Marlys ta koma ta zauna. Gahawar ta huce, ta ƙara kamawa, ko ta karkata kofin ba ta zubowa. Ta ɗauki cokali.